Uku Bisa Goma

Ni da hannu nake rubutu, a irin littattafan nan na 'yan makaranta masu shuɗin bango. Ba don wata falsafa ba. Dozin nake saya in raba biyu, shida nawa, shida na 'yata. Littafi yana shiga jaka, ya bi mutum kicin, ya bi shi asibiti, kuma ba ya neman caji. Kwamfuta sai a ƙarshe, in an zo juyewa.

Ranar Litinin Edita ya kira. Mutum ne mai sanyin murya, irin waɗanda za su yanka ka suna yi maka sannu. Ya ce babin ƙarshe ya iso gabansa ranar Alhamis kafin ƙarfe biyar, lokacin da za su miƙa wa maɗaba'a littattafan bana. In bai iso ba, za su sa na wani a gurbin, nawa kuma sai baɗi. Sau biyu ya taɓa ɗaga mini ƙafa, da mahaifina ya kwanta ciwo da kuma lokacin da muka tashi daga tsohon gida.

"Ranki ya daɗe, wannan karon ba a hannuna yake ba," in ji shi.

Na ce to. Shekara huɗu ina jan littafin nan kamar akuyar da ba ta son zuwa kasuwa. Labarin wata maɗinkiya ne da 'yarta. Babin ƙarshe na rubuta shafi goma sha ɗaya a sabon littafi, na kai yarinyar tashar mota za ta bar gida, ta zauna kusa da taga. Abin da za ta tuna game da uwarta kafin mota ta tashi, shi ne ya gagare ni. Na rubuta ya fi sau ashirin ina sokewa.

Mu huɗu ne a gidan. Maigidan yana aiki a kantin magani, bakwai na safe zuwa bakwai na yamma. Baba, mahaifina, ɓarin jikinsa ya shanye shekara biyu ke nan, wankansa da cinsa da maganinsa duk a wuyana suke. Sai 'yata mai shekara goma sha biyu, wadda muke kira Lauya saboda gardamar da take da ita tana ƙarama. Yanzu ta rage surutu, amma sunan ya bi ta. Teburina yana lungun falo, yana kallon bango. In wani ya zo da magana ina tsakiyar jimla, nakan ɗaga yatsa ɗaya ba tare da na juyo ba. Kowa a gidan ya san ma'anarsa, wato minti ɗaya.

Laraba ita ce ranar gashin ƙashin Baba. Da safen nan madara ta zube, Baba ya ƙi rigar da na ɗauko masa, Lauya tana rarrafe a ƙarƙashin gado tana neman safa ƙafa ɗaya, mai motar makaranta kuma yana ta danna oda kamar gobara ta tashi. Ni na haɗa mata jaka. Na kwashi abin da na gani a kan tebur na cusa, na tura ta waje, na jefa littafin da ya rage a jakata.

Sai da aka shiga da Baba ɗakin gashi, na samu benci a baranda tsakanin wani mai sanda da wata mai goyo, sannan na buɗe littafin. Ba babina ba ne. A saman shafin an rubuta "Mahaifiyata", an ja layi biyu da rula.

Innalillahi. Babina, kwafi ɗaya tak a duniya, yana cikin jakar 'yar aji shida tare da gorar ruwa mai yoyo. Na kira makarantar sau huɗu, ba wanda ya ɗauka. Barin Baba kuwa ba zai yiwu ba, don in ya fito bai gan ni ba sai ya tara mini jama'a. Da na rasa abin yi, na karanta abin da ke hannuna.

Shafi ɗaya da rabi ne. Ta ce mahaifiyarta marubuciya ce, tana da littattafai biyu a kasuwa. Ta ce tana dafa shinkafa mai daɗi in ba ta manta da ita a wuta ba. Ta ce tana da yatsa ɗaya da yake nufin minti ɗaya, ita kuwa ta taɓa duba agogo, minti arba'in ne. Sai can ƙasa:

"Idan aka jera mata goma suka juya baya, nan take zan nuna uwata. Idan suka juyo kuwa, sai na ɗan duba."

Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma kafin ciwon ya gama sauka, wani ɓangare na kaina ya riga ya fara auna jimlar, yana ƙirga gaɓoɓinta, yana cewa kai, ga inda aka ajiye waƙafi. Wannan ɓangaren ba shi da kunya, kuma shi ne yake rubuta mini littattafai. Aka turo Baba a keke yana faɗa da ma'aikaciyar jinya, na rufe littafin na sa a jaka.

Ƙarfe uku Lauya ta dawo da kumburarrun idanu. Na tare ta a bakin ƙofa.

"Ina littafina?"

"Yana wurin Malama."

Ashe da aka ce a miƙo aikin gida ta zaro shi, ta ga bangon ba suna, ta rubuta sunanta ta miƙa gaba ba ta buɗe ba. Rubutunmu kuwa kusan ɗaya ne, don a kan nawa ta koya. Bayan hutun tara Malama ta tsayar da ita a gaban aji ta ce daga wane littafi ta kwafo. Ta ce na Mamanta ne, kuskure aka yi. Malama ta ce wace babbar mace ce za ta yi rubutu a littafin 'yan firamare, ta ƙara da cewa ɓarawon da ya yi ƙarya ya yi laifi biyu. Aji ya kwashe da dariya. Ta miƙo mini takarda, ana son ganin uwa ko uba gobe da safe.

"Amma dai ba ta yaga ba ko?" na ce. "Ruwa bai taɓa shi ba?"

Ta dube ni, ta ce bai taɓa ba, ta wuce ɗaki.

Da maigidan ya dawo na ba shi labari, ya yi dariya har da buga cinya. "Marubuciya an shiga hannun Malama! Na sha gaya miki taura biyu ba ta taunuwa."

"In ka karɓi ɗaya ai sai ta taunu," na ce.

Ya yi kamar bai ji ba, ya tambaye ni ina aka ajiye rimot. Amma ya yarda zai makara awa biyu ya zauna da Baba, kuma sai da ya nanata awa biyun sau uku.

Ofishin malamai ɗaki ne mai tebura shida da fanka ɗaya mai kuka. Malama yarinya ce, ba za ta wuce ashirin da biyar ba, da jan biro maƙale a bayan kunne. Na gaishe ta da ladabin da ban taɓa yi wa Edita ba. Na zaro tsohon littafina da aka buga, na nuna mata hotona a baya. Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta sake kallon hoton, wanda aka ɗauka tun kafin Baba ya kwanta. Daga nan ta fara ba da haƙuri, tana "don Allah Mama, wallahi Mama", ta jawo littafin daga ƙasan tulin.

Ta yi masa aiki kuwa. A shafin farko da ja: "Ba wannan aka tambaye ki ba. Kwafe. 3/10."

"Ukun na mene ne?" na tambaya.

"Na tsabtar rubutu ne, Mama."

A shafi na huɗu ta ja layi ƙarƙashin wata jimla ta rubuta "ta yi tsawo". Na ƙirga, layi bakwai. Ta yi tsawo ɗin, abin haushin ke nan. Ta ce za ta wanke Lauya a gaban aji yau ɗin nan. Har na miƙe ta ce, cikin jin nauyi, ai ta karanta duka jiya a gida, yarinyar tana cikin mota labarin ya tsaya, to yaya ya ƙare?

"Ni ma abin da nake nema ke nan," na ce.

"Nata aikin fa, na gaskiyar? In kin zo da shi sai in duba mata yanzu."

Yana cikin jakata, ina jin kusurwarsa a haƙarƙarina. Na ce na baro shi a gida, gobe za ta kawo.

A bakin ƙofar makarantar akwai wani dakali. Nan na zauna, na buɗe littattafan biyu a kan cinya. Maɗinkiyata shekara ashirin tana sunkuye a kan keke, fuskarta a bango. Ban ma sha wahala ba. Na kwafe jimlar Lauya ta mata goma kamar yadda take, ban canja ko harafi ba, na ƙara layi uku, mota ta tashi. Minti goma aka yi aka gama abin da ya gagare ni wata biyu. Na gaya wa kaina daga baya zan sauya ta da tawa, in an zo gyara.

Sauran yinin ya tafi yadda yake tafiya. Maigidan ya fita yana duba agogo. Baba ya ɓata zanin gado, na wanke. Mai gyaran famfo da na yi sati ina nema ya zaɓi ranar ya zo, ya kwance komai, ya ce sai ya je sayo roba. Ƙarfe uku da kwata, shafi biyu kawai na juye a kwamfuta. Ni da yatsu huɗu nake bugawa, kuma in ina duba littafi ina duba allo, sai in ɓace layi.

Muna da dabara a kan wannan. Lauya takan karanto, ni in buga. Ko kayan makaranta ba ta cire ba na ce ta zo ta taimake ni. Ta zauna a hannun kujera a bayana ta fara. Tana karatu da kyau, tana faɗin "waƙafi" da "aya" a inda suke. Da ta zo jan layin Malama ta ce, "An ce ta yi tsawo." Na ce na ji, raba ta biyu. Na tambaye ta ko Malama ta wanke ta, ta ce e, ta ci gaba da karatu.

Zan so in ce mantawa na yi. Ban manta ba. Niyyata in mun kai shafi na goma sha ɗaya in karɓi littafin in ce ta je ta ci abinci. Amma Baba ya kira yana son ruwa, mai famfo ya dawo yana tambayar bokiti, agogon kwamfuta ya nuna biyar saura ashirin da biyu, hannuna kuma ya kama gudu. Na ji ƙarar juya shafi.

"Direba ya rufe ƙofa, aya," in ji ta. "Ta jingina kanta da gilashi, aya. Idan aka jera mata goma suka juya baya, waƙafi, nan take..."

Ta tsaya nan. Yatsuna suna kan madannai, sun riga sun ƙarasa jimlar, don na haddace ta. Daga banɗaki ana jin mai famfo yana buga ƙarfe.

"Wannan nawa ne," ta ce.

"Naki ne."

"Jiya an tsayar da ni a gaban aji an ce na kwafi naki."

Kunya ta rufe ni. Na juyo da kujerar gaba ɗaya na dube ta. Akwai tabon biro a haɓarta, kuma an yi mata sabuwar huda ta biyu a kunne, ban san yaushe ba, ban san wa ya kai ta ba.

"In cire?" na ce. "In kin ce in cire, wallahi zan cire. Littafin ya kai baɗi."

Da gaske nake ko ba da gaske ba, har yau ban sani ba. Ta kalli shafin, ta kalli agogon da ke bayana.

"Bar shi, Mama," ta ce. "Ni da ma ban zaci za ki karanta ba."

Ba fushi a muryarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta gyara zama, ta sa yatsa a kan layin da ta tsaya.

"Saura layi uku. Juya mana, lokaci yana tafiya."

Na juya. Ta karanto, na buga. Biyar saura minti tara na tura. Da na waiwayo ba ta nan, littafin yana kife a hannun kujera, kuma daga kicin ina jin tana buɗe tukwane tana duba ko akwai abin da ya rage.

Washegari Edita ya aiko da saƙo. Ya ce babin ya yi, akwai 'yan gyare-gyare, amma jimlar nan ta mata goma kada in kuskura in taɓa ta, ita za su sa a bayan littafin ƙarƙashin hotona.