Mai Ɗaukar Ƙashin Kurihara

"Ni fa ba inda za ni," in ji Gonda mai gidan wanka, yana ta goge bokitin da ya riga ya bushe.

Sumie mai taliya na tsaye a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kaya. Maƙwabcinta, tsoho Kurihara, ya rasu a ɗakinsa na bayan tashar jiragen ruwan Kobe, yau za a ƙona gawar. In wuta ta lafa, mutum biyu ne ke haɗa tsinkunan cin abinci su ɗauki ƙashi su sa a tulu. Kurihara kuwa ba ɗa ba jika. Sumie ta bi layin gida-gida tana neman wanda zai kama mata, sai ga shi kowa ya tashi da ciwon baya.

"Ɗan daba ne!" in ji Gonda. "Ke ba ki ga yatsansa a guntule irin na 'yan daba ba?"

"Igiyar jirgi ce ta guntule shi yana dako. Masu fim suka ga hannun, suka ce ya dace."

"Da idona na ga ya zare wuƙa."

"A sinima, Gonda. Kana zaune kana cin gyaɗa."

A tsohon fim ɗin nan na 'yan dabar bakin teku, Kurihara ko uffan bai ce ba. Ya zare wuƙa, aka harbe shi, ya faɗa ruwa, shi ke nan. Amma unguwa ta hau ta zauna, har Gonda ya hana shi shiga wanka. Shi kuma ɗan taurin kai, bai taɓa ƙaryatawa ba. Ya ce wa Sumie gara a ji tsoronsa da a ji tausayinsa. Kullum in ya gama cin taliya, da kansa yake wanke kwanon.

A gidan ƙona gawa ma'aikaci ya miƙo mata tsinke, ya leƙa bayanta.

"Mama, ke kaɗai ce?"

Ta karɓi tsinken. Sai ga Gonda ya shigo yana haki, cikin baƙar kwat da ta yi masa kaɗan.

"Kar ki ce komai," in ji shi. "Har yau ban ga wanda ya iya faɗawa ruwa kamarsa ba."

Suka fara daga ƙashin ƙafa. Sumie ta jira Gonda har tsinkunansu suka daidaita. Ƙashin ya sauka cikin tulu da 'yar ƙara kaɗan.