Sunan da Zinariya Ba Ta Faɗa

A shekarun da kuɗin man fetur suka hau wa Libreville kai, ko'ina ka juya a babban birnin na Gabon gini ake yi. Otal-otal a bakin teku, tituna masu fitila, har da hanyar jirgin ƙasa da aka ce za ta ratsa daji. Kwatar da ke bayan layin ƙananan sojoji a bariki ce kawai ba wanda ya tuna da ita, kuma ta gefenta Abduljalil yake jan jiki kowace safiya zuwa banɗaki, cikin taɓon ruwan saman da ba ya gajiya.

Shekararsa takwas. Shan inna ya kama shi yana ɗan huɗu, ya shanye masa ƙafafu biyu. Uwarsa Zinariya ce ta yanko tsohuwar tayar mota ta ɗinka masa abin ɗaurawa a gwiwa da tafin hannu. Ita ke masa wanka, ita ke murza masa ƙafafun da man kaɗe da rana tsaka, lokacin da surukarta Iya Ƙulu ta tafi sayar da goro a unguwar Glass. Amma tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Ba ƙiyayya ba ce. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin mijinta aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan yaro guda. A ƙauyensu na ƙasar Kano, macen da ta kira sunan ɗan farinta ko ta rungume shi a gaban suruka, sai an shekara ana labarinta a gidan biki. Can kowane yaro ya san haka, domin uwar kowa haka take. Nan kuwa bariki ne. Maƙwabta 'yan ƙabilar Fang ne da Punu da sauransu, matansu na tsayawa a ƙofa su kwarara wa 'ya'yansu kira har a ji a bakin get. Abduljalil yana jin wannan kullum. Shi kuma “kai” ne, ko “yaron nan”. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa dalili, don a wurin manya abin bai kai a yi magana a kansa ba.

Uban, Kaporal Ɗanlaraba, Bahaushe ne haifaffen arewacin Gabon. Wata biyar ke nan da aka tura shi daji gadin masu shimfiɗa hanyar jirgi. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya yi shi da “gobe”. A gidan iyayen Zinariya aka haifi yaron, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, ba takarda ba komai. Da aka yaye shi Iya ta ɗauke shi, sai da ciwon ya kama shi ta kawo shi Libreville suka zauna tare. Shekara huɗu Ɗanlaraba yana cewa gobe zai sa sunansa a littafin iyali na soja, inda ƙanwar yaron, Rahmatu, take tun tana kwana bakwai.

Wata Talata da hantsi wata mata ta tsaya a ƙofarsu da takardu a hannu da lema a hammata. Ta ce sunanta Madam Mengue, daga ƙungiyar matan hafsoshi. Iya ta shimfiɗa mata tabarma. Da yake Faransancin Zinariya na cefane ne, Iya ce ta zauna tafinta.

Madam ta buɗe littafin iyali, ta ga Rahmatu. Sai ta dubi yaron da ke jingine da bango, ta daɗe tana kallon ƙafafunsa. Ta juya ga Zinariya.

“Wannan ɗanki ne?”

Tambayar ba ta buƙatar tafinta. Zinariya ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ga suruka a zaune, gwiwa da gwiwa. Ta sunkuyar da kai ta ja mayafi.

“Ba nawa ba ne,” ta ce da Hausa. “Na Iya ne.”

Iya ta ji daɗi har cikin ranta, ta fassara da ƙarin gishiri. “Nawa ne, Madam. Ni na raine shi.”

“Yaya sunansa?”

Zinariya ta tashi ta ce za ta duba tukunya. Madam ta rubuta layi ɗaya, ta sha ruwa, ta yi godiya ta wuce ɗaki na gaba. Su biyun sun ɗauka ƙidayar masu kwana a ɗaki ake yi. Ba wadda ta kalli yaron, wanda ya daina wasa da murfin kwalbar da ke hannunsa.

Sai bayan kwana tara suka ji. Matar sajan da ke ƙarshen layi ta fito tana rawa da takarda: an ɗauki 'yarta mai karkatacciyar ƙafa. Ashe ƙungiyar ta samu kuɗi ta gayyato likitocin ƙashi daga Faransa, za su yi wata ɗaya, su yi wa yaran sojoji goma sha biyu aiki, a yi musu takalmin ƙarfe da sanduna. 'Ya'yan cikin soja kawai. Ta ce ta yi mamaki da ba a sa na gidan Kaporal ba, don ita ta ji Madam da kanta tana cewa irin ƙafarsa in aka miƙe ta zai iya tsayawa.

Zai iya tsayawa. Zinariya ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, kwanon shinkafar da take tsincewa yana cinyarta. Iya ta shigo ta tsaya a kanta. Tsohuwar nan da ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba ko a farashin goro, ranar ita ce ta sassauta murya.

“Ɗauke shi ki je,” ta ce. “Duk abin da za ki faɗa a can, ni ban ji ba.”

Washegari Zinariya ta goye shi da zani biyu. Rabon da ta goye shi tun yana shan nono. Ƙafafunsa suna lilo har bayan gwiwarta, sanyi ƙalau. Taksi biyu suka wuce su, na uku ya tsaya ya kai su titin bakin teku. Ofishin yana hawa na biyu a wani sabon bene mai warin fenti. Ta hau da shi tana haki.

Madam Mengue ta gane su. Ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa. Ta ce tun da aka fara aikin nan, yara shida aka kawo mata da sunan 'ya'yan soja, ashe na 'yan uwa ne da na maƙwabta, har da wanda aka ɗauko daga wata ƙasa.

“Ke da bakinki kika gaya mini ba naki ba ne.”

Zinariya ta tattaro duk Faransancin da ta mallaka. Ta ce a wurinsu haka ake yi. Ta ce kunya. Ta ce suruka. Kalmomin suka fito gutsi-gutsi kamar tana ciniki, ita kanta ta ji ba su yi kama da gaskiya ba. Akwai maza biyu masu kaki a ofishin, da wata mai buga tafireta da ta dakata tana kallo. Zinariya ta kwance goyon ta zaunar da yaron a kujera, ta dafa ƙirjinta.

“Abduljalil,” ta ce. Sunan ya yi mata nauyi a baki. “Abduljalil Ɗanlaraba. Ni na haife shi. Kwana biyu ina naƙuda. Ɗana ne.”

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Madam ta ajiye alƙalami. Da alama ta so ta yarda. Ta zagayo teburin ta durƙusa a gaban yaron, ta yi masa magana a hankali.

“Gaya mini gaskiya, ba wanda zai dake ka. Wannan mamanka ce?”

Faransancin Abduljalil ya fi na kowa a gidansu, don wanda ba ya zuwa ko'ina sauraro ne aikinsa. Bai kalli Zinariya ba. Ya dubi tayar da ke ɗaure a gwiwarsa.

“Ta ce ni ba nata ba ne,” ya ce. “Ina wurin. Ba ta taɓa kiran sunana ba sai yau.”

Ba da fushi ya faɗa ba. An ce ya faɗi gaskiya, ya faɗi wadda ya sani.

Madam ta miƙe ta koma kujerarta. Ta ce sunayen za su tafi wurin kanar ranar Litinin, ba za ta iya sa yaron da ba ya cikin littafi ba, wanda kuma shi da kansa ya musa. In Kaporal ya dawo ya kawo shaidu a yi takarda. Likitocin za su sake zuwa baɗi.

Ba su sake zuwa ba. Baɗin kuɗin suka ja baya, gine-gine suka tsaya da ƙarafa a waje, ƙungiyar ta koma rabon sabulu. Amma ranar Zinariya ba ta san wannan ba, abin da ta sani ma ya ishe ta.

Ba ta tsayar da taksi ba. Ta bi bakin teku a ƙasa da shi a bayanta, motocin siminti suna watsa musu ruwa. Haushi take ji, na Ɗanlaraba da gobensa, na Iya, na uwar da ta koya mata sunkuyar da kai, ta rasa wanda za ta ɗora wa sai ta dawo kan kanta. Yaron bai riƙe wuyanta ba, hannuwansa suna tsakanin ƙirjinsa da bayanta.

“Abduljalil,” ta ce.

Ya juya fuska wajen teku.

“Abduljalil, da kai nake.”

Sun yi tafiya mai nisa kafin ya yi magana, bakinsa daf da kunnenta.

“Da ƙafata lafiya, da kin ce naki ne?”

Ta tsaya cak a gefen titi. Ta fara ba shi labarin ƙauyensu, da yadda uwarta ita ma ba ta kiran sunan ɗanta na fari, da sunan kakan da yake ɗauke da shi. Ta yi ta magana, abin da ba ta taɓa yi da shi ba. Ya saurara har ta gama, irin sauraron da yaro ke yi wa babban da ke lallashinsa. Bai ce ƙarya take ba, bai kuma ce ya yarda ba.

Da suka hango get ɗin bariki, matan layi suna shanya a igiya, sai ya motsa a bayanta.

“Ki sauke ni a nan,” ya ce. “Zan ƙarasa da kaina. Kada su gan ki da ni.”