Gwajin Raɗa

Kujerun ajin na fara lura da su. A zamaninmu layi-layi suke kamar kunyoyin gona, yanzu kuwa an lanƙwasa su kamar rabin wata, kowace tana fuskantar teburin malami. Na gani na wuce, don hannuwana cike suke da kaya: ma'aunin nauyi, tef ɗin awon tsawo, da 'yar fitilar leƙa kunne.

Ban daɗe da fara aiki a asibitin yara ba bayan na gama jami'a. Duk farkon zangon karatu akan tura mu makarantun firamare mu duba lafiyar ɗalibai, ranar kuma sai rabo ya kai ni makarantar da na yi. Ban faɗa wa Sista ba, babbar nas ɗin da nake bi. Ni dama ba mai magana ba ce. A wannan ajin ma aka laƙaba mini Shiru-shiru.

Wanda ya laƙaba mini sunan shi ne Malam, wanda mu kuma muke kira Kunnen Zomo a bayan idonsa. Yana rubutu a allo, ya ba mu baya, wata za ta raɗa wa ƙawarta a can ƙarshen aji ta ara mata fensir, sai ka ji ya ce, "Mai neman fensir, zo ki karɓi nawa," bai ko waiwayo ba. Mun yi imani yana da kunne na uku a ƙeya. Sauran malamai in na ba da amsa sai su ce, "Ɗaga murya, ba ki ci abinci ba ne?" sai in kasa ƙarasa amsar. Shi kuwa cewa yake, "Na ji ta, kuma daidai ne. Ku da ba ku ji ba, surutunku ne ya toshe muku kunne." A ajinsa na fara ɗaga hannu.

Ranar duba lafiya a wancan lokacin ranar kuka ce. Da an hango farar rigar nas sai ihu ya tashi, "Allura! Allura!" har da masu neman fita ta taga. Malam ne kan cire takalmi ya fara hawa ma'auni, ya buɗe baki a leƙa, ya zaro harshe har sai mun yi dariya, sannan mu bi layi.

Kafin mu shiga ajin, shugabar makarantar ta tsayar da mu a baranda. Sabuwa ce, ba ta san ni ba.

"Sista, wata alfarma nake nema. Iyaye sun fara ƙorafi, wai yara na yi wa Malam tambaya ba ya amsawa. Ni kuma babana ne a girme, ba zan iya tunkararsa ba. In kun ga wani abu ku faɗa mini. In kunnen ne, sai in mai da shi laburare kamar yadda aka saba yi wa tsofaffin malamai, in ba wani malami ajin."

Malam a laburare, tsakanin littattafan da ba sa tambaya?

Yana tsaye gaban allo, ya yi furfura, amma tsayuwar tana nan. Ya dube ni ya sake dubawa.

"Shiru-shiru! Ke ce?"

Na sunkuyar da kai na gaishe shi, na ce na zama nas.

"Ɗago kanki, 'yata, in ga fuskarki," in ji shi. Na ɗago na maimaita. "Nas! Kai, madalla. Yara, kun ga wannan? A can lungun take zama, ko ƙuda ba ya tsoronta."

Sista ta harare ni. "Au, makarantarku ce kika yi gum? Allah ya shirye ki."

Aka fara aiki. Malam ya cire takalmi ya hau ma'auni kamar da, Sista ta ce, "Baba, ko dai yaran nan ne ke cinye maka abinci?" aji ya kwashe da dariya. Ita ta ɗauki nauyi da tsawo da duba haƙori, ni ta bar mini kunne. "Muryarki dama raɗa ce," in ji ta, "ba sai kin wahala ba."

Gwajin ba wuya. Yaro zai zauna a kujera ya toshe kunne ɗaya da yatsa, in tsaya a bayansa inda ba zai ga bakina ba, in raɗa kalma, ya maimaita. Na raɗa wa wani "jirgi," ya ce "na sama ko na ruwa?" Wata 'yar mai giɓi ta ƙi toshe kunnen, wai kada maganar ta rasa hanyar fita. Haka muka yi ta yi har layi ya ƙare.

Sai wani ya ce, "Saura Malam!" Aji ya ɗauka, "Saura Malam! Saura Malam!"

Shugabar tana tsaye a bakin ƙofa, bayan yaran. "Ai gaskiyarsu, Malam," ta ce tana murmushi.

Bai yi musu ba. Ya zauna yana fuskantar aji, ya sa yatsa a kunnen hagu. Na tsaya a bayansa ina kallon ƙeyar nan da muka daɗe muna tsoro. Na so in ɗaga murya, amma shugabar za ta ji, kuma duk ajin sun san yadda nake yi wa kowa. Na sauke numfashi na raɗa.

"Madubi."

Shiru. Kafaɗarsa ba ta ko motsa ba.

Na ɗago ido, sai na ga abin da shugabar ba za ta iya gani ba. Duk bakunan da ke rabin watan nan suna motsi, ba sauti: ma-du-bi. A hankali suke yi, suna buɗe leɓe sosai, har da mai giɓin. Ba wanda ya dubi wani, ba wanda ya yi dariya. Da gani sun saba. A nan na gane dalilin lanƙwasa kujerun.

"Madubi," in ji Malam.

Ya sauya kunne. Na raɗa "babur," bakunan suka sake motsi, ya sake faɗa.

"Malam ya ci!" in ji mai giɓin, aji ya ɓarke da tafi.

Shugabar ta matso. "Yaya, 'yar uwa?"

"Ya faɗi duka daidai," na ce, idona a ƙasa.

"To alhamdulillahi. Iyayen nan ma da neman magana."

Malam bai tashi nan take ba. Yana zaune yana bin yaran da kallo ɗaya bayan ɗaya, su kuma tafin yana mutuwa a hannunsu. Ina jin ya daɗe yana zaton shi kaɗai ya san sirrinsa, yana karanta leɓensu ba su sani ba. Ashe su suke buɗe masa bakin. Wani ya sunkuyar da kai, wata ta hau gyaran littafin da ba ya bukatar gyara.

Ya miƙe, ya sa takalminsa, ya dafa kan mai giɓin. Sannan ya laluba aljihu ya ciro makullin ajin, ya danƙa wa shugabar a tafin hannu, ya naɗe mata yatsu a kai. Ya fita, ya bi baranda a hankali ya nufi laburare.