Kuɗin Muryar Malam Gwadabe

A Rano, idan aka ambaci Malam Gwadabe, muryarsa ake fara kawowa. Mahauta suna cewa in ya ɗauki lasifika a bakin kasuwa, mutumin Rurum Tsohon Gari ma zai san saniyar wa ta ɓata. Matan unguwarsu suna cewa ko rasuwa yake sanarwa, sai ka tsaya ka ji har ƙarshe. Matarsa Dije kuwa cewa take duk girman muryar nan ba ta iya tambayar ko sisi. Shekara ashirin yana sanarwa, bai taɓa buɗe baki ya ce ga kuɗin aikinsa ba. Abin da aka miƙo shi yake sawa a aljihu, ba ya dubawa sai ya isa gida.

Wanda ya fi riƙe shi da aiki shi ne Alhaji Abdulganiyyu, mai maganin dabbobi a Kibiya. Duk ranar kasuwa Alhaji yakan ɗauke shi a bayan a-kori-kura, ya yi ta kiran makiyaya da Hausa, ya juya da Fulatancin da ya koya wurin kakarsa. Da la'asar a ba shi naira ɗari uku, bayan abincin rana. Da wannan ake cefane a gidan Dije.

A shekarar da aka yi zaɓe na biyu bayan tafiyar soja, Alhaji ya zo da shawara: a naɗi tallan a kaset. Akwai mai yin wannan aiki a kusa da tashar Rano, wani Maharazu, wanda ya yi shekaru a Kano wurin masu haɗa tallan rediyo kafin ya dawo gida ya buɗe shago. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kaset ɗin wa'azi suka yi kasuwa, zaɓe kuma ya zo da waƙoƙin 'yan takara, don haka shagon ba ya rabuwa da mutane. Malam Gwadabe ya ɗauki abin a matsayin girmamawa.

Ranar da suka je sa rana, Maharazu ya ja shi gefe.

“Baba Gwadabe, kafin ka shiga ɗakin nan, ka yanka kuɗinka.”

Malam Gwadabe ya ce ai shi da Alhaji ba a haka. Maharazu ya ce ya sani, amma kaset daban yake. Ya bayyana masa cewa a Kano ana duba tsawon magana, da harshe nawa aka yi, sannan babba, wata nawa za a yi ana sawa. Ya ce shi kuɗin injinsa da man janareta ya riga ya faɗa wa Alhaji, saura na murya, kuma murya ba tasa ba ce.

Malam Gwadabe ya tafi gida da maganar nan, ya kwana uku yana juya ta. Tsawon magana ya gane, harshe biyu ma ya gane. Watannin ne suka ƙi shiga kansa. Aikin da zai yi rana ɗaya, ina ruwansa da wata?

Ya fara tambayar Dije. Ta ce ita abin da ta sani, mai injin niƙa da mudu yake karɓa, to shi ma ya samo mudunsa. Ya ce magana ba ta shiga mudu. Ta ce to ya ƙirga kalmomi. Ya zauna a gindin darbejiya yana ƙirgawa da yatsu, sai ya ga na Fulatancin bai kai na Hausar yawa ba, alhali shi ya fi ba shi wahala. Ya bar wannan.

Ya tambayi Badamasi mai haƙar rijiya, Badamasi ya ce shi da gaba yake auna zurfin rijiya, kuma gaban ƙasa ya fi na sama tsada saboda nan numfashi yake ƙarewa. Malam Gwadabe ya ga kamar akwai gaskiya a nan, amma bai san ina ne ƙasan talla ba.

Ƙarshe ya je wurin Malam Abdurrahman mai makarantar allo, ya zauna har aka tashi karatu. Malam ya saurare shi, sannan ya tambaye shi: sayarwa zai yi ko haya zai bayar? Ya ce in sayarwa ce, abin da aka sayar yakan bar hannun mai shi, ga shi kuwa muryar tana nan a maƙogwaronsa. In haya ce, abin haya yakan dawo, wanda ya shiga kaset kuwa bai ga ta inda zai dawo ba. Ya ce zai duba littafi. Malam Gwadabe ya fito ya fi yadda ya shiga ruɗewa.

Ranar naɗi aka sa shi a wani ɗan ɗaki da aka manne bangonsa da katifu, aka kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Tallan minti ɗaya da rabi ne. Sau goma sha ɗaya ya maimaita shi. Sau ɗaya akuya ta yi kuka a waje, sau ɗaya aka ɗauke wuta, sauran kuwa Maharazu ne yake cewa ya rage ƙarfi, nan ba kasuwa ba ce, makirfo yana ji. Mutumin da yake sanar da rasuwa a numfashi ɗaya, ga shi ya shafe daga azahar zuwa la'asar a kan maganin tsutsar ciki. Ya fito rigarsa sharkaf.

A bakin shagon akwai benci, mutane biyar ko shida suna zaune. Alhaji ya sa hannu a aljihu yana murmushi, ya tambayi Malam Gwadabe nawa ne. Shi kuma ya sunkuyar da kai, ya ce abin da ya sawwaƙa. Sai Maharazu ya sa baki. Cikin ladabi ya ce, Alhaji, da an yi na wata uku tukuna, in sun cika a sake zama.

Kunya ta kama Malam Gwadabe, ya ga kamar shi ya kitsa maganar a bayan ido. Ya juya kan Maharazu da muryar nan da aka yini ana cewa ya rage. Ya ce kwaɗayin birni ne ya dawo da shi, yana so ya shiga tsakaninsa da mutumin da ya ci abincinsa shekara da shekaru. Ya ce wanda yake sayar wa mutane iska a roba ba shi zai koya masa mutunci ba. 'Yan benci suka zuba ido, masu shayi a tsallaken titi suka waiwayo. Maharazu ya koma ciki ya kashe janareta.

Alhaji ya ba Malam Gwadabe ɗari biyar, fiye da na kullum. Dije ma ta yaba.

Ranar kasuwa ta zo, a-kori-kura ba ta tsaya a ƙofar gida ba. Malam Gwadabe ya ce ƙila mota ce ta lalace. Ta biyu ta zo ta wuce. A ta uku ya hau ɗan acaɓa da kuɗinsa ya tafi Kibiya.

Tun daga bakin kara, kasuwar dabbobi, ya ji kansa. Ga muryarsa tana kiran makiyaya su zo su sayi magani, tana ƙarewa ta sake farawa, ba ta shan ruwa, ba ta tsayawa sallama da kowa. Wani Bafulatani da suka saba ya zo zai gaishe shi, ya dubi bakinsa a rufe, ya dubi lasifikar, ya ce to da wanne zai gaisa? Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Alhaji ya tare shi da fara'a, ya sa aka kawo masa fura. Ya ce kaset ya yi albarka, har ya sa an buga guda huɗu, yaransa suna kaiwa Tarai da Rurum da Rano a kan babur rana ɗaya.

“Ka ga yanzu ka huta da rana, Malam.”

Malam Gwadabe ya duba fuskarsa bai ga mugunta ba. Ya nemi inda aka cuce shi bai samu ba, don shi da bakinsa ya ce abin da ya sawwaƙa. Ya sha furar, ya yi godiya. A hanya yana ta lissafin da bai iya ba: yana aiki a wuri huɗu, kuma ba shi da aiki. Da ya gaya wa Dije, ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya ko cikin su huɗun akwai wanda zai kawo cefane.

Bayan mako biyu Ɗantala mai sayar da taki ya yi sallama. Ya ce ya ji na Alhaji, shi ma irinsa yake so kafin damina, kuma an gaya masa ɗari biyar ne. Malam Gwadabe ya buɗe baki zai ce to, sai ya ji Dije ta daina daka a tsakar gida. Ya ce su tafi tasha tare.

Benci yana nan, kusan mutanen ranar ne. Maharazu ya fito ya gaishe shi kamar ba a yi komai ba, ya kawo kujera. Ɗantala ya sake faɗin buƙatarsa, ya sake tambayar nawa ne. Maharazu ya kawar da kai yana gyara wata waya da ba ta lalace ba.

Malam Gwadabe ya ce har yanzu bai san nawa ba ne. Ya ce abin da ya sani kawai, na wata uku za a yi, kuma kaset ɗaya. Sauran lissafin sai wanda ya iya ya zauna da su. Ya dubi Maharazu, Maharazu bai ɗago ba.

Ya ƙi zama a kujerar. Ya juya yadda 'yan benci da masu shayin tsallake za su ji, don a gabansu ya yi ta farko.

“Maharazu, ranar nan gaskiya ka faɗa, ni kuma na ci mutuncinka a bakin shagonka. Ban kyauta ba. Don Allah ka yafe mini.”