Kundin Auta

Shekara ashirin da biyu ina koyarwa a jami'a, kuma in za a bi gaskiya, rabin kundayen binciken da suka ratsa teburina ban taɓa wuce shafinsu na farko ba. Shafin nan da muke ce wa abstirak, masu Hausar littafi su ce tsakure: layi ashirin da ke gaya maka abin da ɗalibi ya nema, yadda ya nema, da abin da ya samo. Wani abokina a sashen zane yakan ce su ma suna da nasu abstirak ɗin, zanen da ba a gane kansa bare gindinsa, amma su dai sukan tsaya su kalle shi duka. Sai in yi dariya. Ni a ganina gwaninta ce, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Auta, 'yata ta ƙarshe, tana shekarar gamawa a sashen kiwon lafiya, gini ɗaya da namu. Bincikenta a kan ciwon bayan da ke damun teloli ne. Wata takwas ta yi tana bin shaguna da takardar tambayoyi, tana auna tsayin kujeru, har takalminta ya cinye ta gefe guda. Ranar wata Juma'a ta karɓo kwafi huɗu daga shagon da ake bugawa a ɗinke kundaye, ta ajiye min ɗaya a kan teburin falo.

"Baba, idona ya saba da shi, ko kuskure ya tsaya a gabana ba zan gan shi ba. Don Allah ka bi min shi shafi-shafi. Litinin zan miƙa, kuma ka san masu jarrabawar sau ɗaya suke zama a shekara."

"Ajiye kawai," na ce. "Wannan ai abincinmu ne."

Da hantsin Asabar na buɗe, na karanta tsakuren. Tsaf yake, ba ƙari ba ragi. Na ji kaina ya yi girma, na ce lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga nan baƙo ya yi sallama, bayan baƙo aka fara ƙwallo a talabijin. Lahadi kuwa kundin ya wuni a inda na bar shi, da kofin shayina a kansa.

Da safen Litinin tana ɗaura igiyar takalmi ta ɗago kai.

"Baba, ka gama?"

"Tas. Babi na huɗu ma ya fi burge ni."

Har yau ban san abin da ya kai bakina ga babi na huɗu ba. Ba wanda ya tambaye ni. Mamansu ta leƙo daga kicin tana cewa, "To, malam ya sa albarka, sai ki tafi da ƙarfinki." Auta ta goge zoben da kofina ya bari a jikin bangon kundin da gefen mayafinta, ta haɗa shi da sauran ukun ta fita.

Ranar kare kundin na sa rigata mafi kyau, na zauna a kujerar baya. Ɗaki ne mai fanka ɗaya da dogon tebur, masu jarrabawa uku a bayansa. Shugabansu tsohon farfesa ne wanda ya koyar da ni tun ina saurayi. Auta ta yi bayanin minti goma ba gargada, ni kuma ina ta waige-waige don a san 'yar wace ce.

Farfesa yana ta juya shafuka, sai ya tsaya cak. Ya gyara tabarau.

"'Yata, telolin nan naki ƙwai suke yi?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ya ce ta buɗe shafi na arba'in da ɗaya. Ta buɗe. Jadawali ne na abincin kaji da yawan ƙwan da suke sakawa a mako. A shagon ɗinkin an haɗa mata da babi na huɗu na wani ɗalibin sashen kiwon dabbobi, shafi goma sha tara cur, a duka kwafi huɗun. Duk wanda ya buɗe tsakiyar kundin sau ɗaya, ko da ido ɗaya ne, zai gani.

Farfesa ya rufe kundin. Ya ce doka a fili take, abin da ɗalibi ya miƙa shi ake dubawa, sai ta gyara ta dawo baɗi. Abokan karatunta za su fita bana su bar ta. Sannan ya hango ni ta saman tabarau.

"Ga mahaifinki can, wannan aikin ya tsufa a cikinsa. Ba ki ba shi ya duba miki ba?"

Kowa ya juyo. Kunya ta rufe ni, irin wadda mutum ke roƙon ƙasa ta tsage. Miƙewa kawai zan yi in ce ta ba ni, ni ne ban karanta ba. Ban miƙe ba.

Auta ba ta ko kalli inda nake ba.

"Ban ba shi ba, Farfesa. Laifina ne."

"Kun gani ko?" in ji shi, yana duban sauran ɗalibai. "Rijiya a tsakar gidanku, kuna kwana da ƙishirwa." Ya yi mata faɗa sosai a kan ganganci da rainin na gaba. Tana tsaye, kanta a sunkuye, tana cewa, "To, Farfesa. Na gode, Farfesa."

Da aka tashi ta tattara kwafi huɗun ta rungume a ƙirji, ta tsaya a bakin ƙofa tana jira in zo mu tafi gida. Farfesa ya biyo ta wajena, ya dafa kafaɗata cikin tausayi, a inda take jin mu sarai.

"Ka yi haƙuri. Ka haifi yaro ne, ba ka haifi halinsa ba."

Na ce, "Haka ne, Malam."