Angurya a Hancin Zinnira

Kan Zayyad ya maƙale a wuyan suwaita, Malama Zulaihat na ja ta ƙasa, yaron na kuka daga ciki, lokacin da Alhaji Tasi'u mai makarantar ya shigo ajin yana jan buhu. Ƙarfe goma ba ta cika ba, amma kwanon rufin ya riga ya ɗauki zafi. Tsakiyar bazara ake, lokacin da ko ƙadangaren Gwarzo sai ya nemi inuwa.

"Ga dusar ƙanƙarar nan," in ji Alhaji. Ya kwance bakin buhun ya zazzage auduga a tsakar ajin. Ta gonarsa ce ta Durun, ko gurzar ta ba a yi ba. Shi kansa ya ɗora wata baƙar kwat ta gwanjo a kan kaftaninsa, zufa na ɗiga ta gemunsa.

Tushen abin wani littafi ne mai hotuna da ya dawo da shi daga taron masu makarantun rainon yara a Kano. A Turai aka rubuta shi, kowane mako da darasinsa daidai da yanayin can. Littafin bai iso ba sai da shekarar karatu ta ci wata huɗu, Alhaji kuma ya ce ko a makarantar allo ba a tsallake sura, don haka aka fara daga shafin farko. Shi ya sa makon sanyi ya faɗo a watan Afrilu.

Zulaihat ta yi magana tun shekaranjiya. Ta ce, "Alhaji, da an bar shi sai Disamba." Ya ce waɗanda suka rubuta littafin duk daktoci ne, ita kuwa bara waccan ta gama kwaleji. Ta bar maganar. Shekara biyu ta yi a zaune a gida kafin ta samu wannan aikin.

Yara ashirin da uku suka zauna a kan tabarma cikin suwaita da hular sanyi. Inna Murja, tsohuwar da ke yi musu tsarki da wanke hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa. Zulaihat ta buɗe littafin ta karanta musu cewa akwai ƙasar da sama ke zubo da farar dusa, sanyi kuma ta hanci yake shiga mutum.

"Malama, dusar nan akuya na ci?" Zayyad ya tambaya.

"Ba irin wannan dusar ba ce."

"To me ake yi da ita?"

Ta duba littafin. Ba a faɗa ba.

Alhaji ya saita wayarsa, zai ɗauki hoto ya tura wa guruf ɗin masu makarantu. Ya ce a riƙa watsa audugar sama, kowa kuma ya yi rawar ɗari. Yaran suka kama kyarma da kaɗa haƙora suna dariya, audugar na manne musu a fuska saboda gumi. Ya ɗauka sau shida, yana cewa kyarmar ba ta fito sosai ba.

A na bakwai ne Zulaihat ta lura Zinnira ba ta kyarma. 'Yar shekara huɗu ce, 'yar Malam Hammadu na Mainika, yarinya marar hayaniya. Tana zaune ƙyam, baki buɗe, hancinta na wani siririn fito duk sanda ta ja numfashi.

"Zinnira, me ya same ki?"

"Na toshe ne, kada sanyin ya shiga."

Zulaihat ta ɗaga haɓarta ta haska da fitilar waya. Can ciki, a hancin dama, ga baƙin ƙwallon auduga, angurya, ya shige ya zauna daram.

Alhaji ya sauko da akwatin taimakon gaggawa daga kan kabad. Shi ma bisa jerin littafin aka cika shi: man shafawa na tsagewar leɓe, safar hannu guda huɗu, da wata robar ruwan zafi. Ya buɗe littafin yana bin layi da yatsa. Akwai abin da ake yi idan yatsun yaro suka daskare, akwai na wanda ya zame a kan tafkin da ya ƙanƙare. Babu angurya.

"Inna, samo tsinken tsintsiya," ya ce. "Ko a shaƙa mata barkono ta yi atishawa."

"Babu wanda zai sa mata tsinke, Alhaji," in ji Zulaihat. Ita kanta ta yi mamakin muryarta. Ta ciro mayafinta ta goya yarinyar, ta fita titi ta tare ɗan acaɓa.

A ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa, wata dattijuwar nas mai suna Hajaratu ta karɓe su. Ba ta fara duba hancin ba. Suwaitar ta tsaya kallo.

"Zazzaɓi take?"

"A'a, Hajiya. Darasi muke."

"Darasin me?"

"Na sanyi."

Nas ɗin ta dube ta ta saman tabarau, ta cire wa yarinyar suwaitar. Ƙurajen zafi sun feso mata tun daga wuya har cibiya.

Ana cikin haka sai ga Asiya, uwar yarinyar, ta faɗo ɗakin ba takalmi. Nono take sayarwa a kasuwa, wata ta ce mata an ga 'yarta a bayan malama an yi asibiti da ita, ta bar ƙwaryar a buɗe ta taho. Hajaratu ta zaunar da ita, ta ce ta danne hancin hagu da yatsa, ta rufe bakin yarinyar da nata, ta hura da ƙarfi sau ɗaya. Na farko bai yi ba. A na biyu anguryar ta yi tsalle ta faɗa cikin kwanon almakashi, ta yi ƙara. Zinnira ta fashe da kuka, wanda ya fito sarai ta hanci biyu. Asiya ta rungume ta tana kallon Zulaihat.

"Malama, na ɗauka boko muka kawo ta."



"Wannan ƙwallon ba shi ne abin tsoro ba," in ji Hajaratu tana dama ruwan gishiri da sukari a kofi. "Dubi leɓenta ya bushe. Da ta ƙara awa ɗaya cikin rigar nan da ruwa za mu ɗaura mata. Ga shi lokacin sanƙarau, a cusa yara ɗaki ɗaya a ƙarƙashin kwano. Ita kaɗai kuka yi wa haka?"

Sai a lokacin Zulaihat ta tuna da sauran yaran da ta bari a aji. Ta miƙe ta fita da gudu, ko sallama ba ta yi ba.

Ta tarar da ajin wayam. Yaran na gindin darbejiya daga su sai ɗan kamfai, Inna Murja na bin su da moɗa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce tun fitar Malama ta tuɓe su, ba ta nemi izinin kowa ba. A gefe kuma ga Alhaji kwance a kan tabarma, an jiƙa masa tsumma a goshi. Jiri ne ya kwashe shi yana tsaka da tura hoto, sai da mai gadin maƙwabta ya zo aka zare masa kwat ɗin.

"Ƙwallon ya fita?" ya tambaya da ƙyar.

"Ya fita, Alhaji."

"Alhamdu lillahi." Ya lumshe ido, sannan ya miƙo mata wayar. "Duba ki gani. Mutum goma sha ɗaya sun yaba. Wata Hajiya mai makaranta a Kabo ta ce a ara mata suwaitocin, ran Litinin za su yi nasu. Yaranta arba'in, za su riƙa karɓa-karɓa. Ni idona ba ya gani sosai. Ki amsa mata, ki ce za a aiko da audugar ma."

Zulaihat ta karɓi wayar. Ga hoton nan, yara sun yi sharkaf suna washe baki, a kusurwa ga Zinnira da baki buɗe. Ta dubi Inna Murja. Tsohuwar ta kau da kai ta ci gaba da ba Zayyad ruwa.

Ba ta rubuta komai ba. Ta matsa nesa da hayaniyar yaran, ta danna wurin ɗaukar murya, ta yi wa guruf ɗin sallama, ta faɗi cikakken sunanta da ajin da take koyarwa, sannan ta fara ba da labarin tun daga buhun auduga.