Idon Daman Ɗanmalam

Ɗanmalam mahauci ne a kasuwar Kabo, kada sunan ya ruɗe ka. Ni kuwa mai tsire ne, tukubata na dab da rumfarsa, kuma fiye da shekara ashirin a hannunsa nake karɓar nama. Ido ɗaya gare shi, na dama. Na hagun tsagin ƙashi ne ya tsiyayar da shi tun yana saurayi.

Bara waccan Dakta Jibirin ya fara zuwa rumfar. Ɗan Malam Muhammad Nur ne, mai Islamiyyar Gammo, ƙauyenmu da ke kusa da Kabo. Ya yi 'yan shekaru yana aikin asibiti a Gwarzo, sannan aka tura shi Kano koyon aikin ido, irin wanda ake yi da hasken na'ura, leza suke ce masa. Ba nama ya kawo shi ba. Idanun awaki yake so, yankan ranar, a ciro masa su ba tare da sun fashe ba. Ya ce a kansu ake koyo kafin a bar mutum ya taɓa na ɗan Adam.

Duk ranar Lahadi da hantsi, in zai koma Kano, sai ya tsaya da 'yar kularsa mai ƙanƙara. Ɗanmalam ya zauna da ƙaramar wuƙa yana ciro su ɗaya bayan ɗaya, ya karkata kai saboda idon da yake gani da shi. Masu sayen kan akuya suka fara gunaguni, wai ana sayar musu da kai ba ido. Mutanenmu kuwa ba sa raina abin magana, kafin wata ya zagayo an ce tsafi ake yi da su. Sai da Malam ya yi bayani da bakinsa bayan sallar Juma'a sannan aka yi shiru.

Ɗanmalam bai taɓa karɓar komai a kansu ba, sai dai tambaya.

"Likita, na wancan makon fa?"

"Uku na lalata, Baba."

Sai ya ƙyalƙyale da dariya. "Kada ka damu. Ni fata ashirin na huda kafin hannuna ya zauna."

Daga uku aka dawo biyu, daga biyu aka dawo ɗaya, har ranar da Jibirin ya ce ba sai an ƙara ajiye masa ba, an fara barinsa ya yi wa mutane. Ɗanmalam ya ji daɗi ƙwarai, har ya ba shi hanta ya kai wa Malam.

Bana da damina idon daman ya fara rikici. Dama yana fama da ciwon suga, kuma shi da magani sai ya ga dama. Ni na fara lura, don naman da yake yanko mini ya daina zuwa daidai, wani yankin kauri wani kamar takarda. Ranar da ya yanke ɗan yatsansa na matsa masa muka tafi Kano.

Jibirin ya ɗiga masa magani, ya leƙa idon da fitila, ya daɗe yana leƙawa. Ya ce suga ya taɓa ƙananan jijiyoyin da ke can bayan idon, suna tsiyayar jini. Maganin shi ne a bi su da hasken nan a ƙoƙƙona, ɗigo ɗigo, ɗaruruwa. Amma akwai wani ɗan wuri a tsakiya da mutum yake gani da shi, in wuta ta taɓa nan to shi ke nan. Mutum biyu ne za su iya yi. Akwai shugabarsa, Dakta Rukayya, wadda take koya masa, amma layinta sai bayan mako biyar. Ya ce idon zai iya jira, sai dai ba fiye da haka ba. Akwai kuma shi kansa, mako mai zuwa, ita tana tsaye a gefe. Ta ce masa a tambayi mai idon.

Ɗanmalam ya ce zai yi shawara. Bai kai ga yi ba, don labari ya riga shi isa Gammo. Ranar Juma'a Malam ya miƙe a masallaci ya ce jama'a su ga ikon Allah: wanda ya taimaki yaro lokacin koyo, ga shi yaron zai biya shi da hannunsa. Aka yi addu'a aka shafa. Mutane suka yi ta zuwa rumfa suna yi wa Ɗanmalam barka kamar an yi masa haihuwa. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba, abin ya yi daɗin ji.

Shi kam sai amin yake ta cewa. Mahauci ya ce wa malamin gari a'a, bayan an shafa fatiha? Ga 'ya'yansa mata biyu, Raliya da Fiddausi, duk a makarantar Malam suke.

Ranar da Jibirin zai yi aikin na raka shi. Tun daga Kabo yana ta kallon gonakin dawa ta taga. Sai da muka kusa shiga gari ya juyo.

"Ka san fatar da na fara hudawa?"

Na ce ban sani ba.

"Maigidana yana tsaye a kaina. Yana kallo. Kafin ya ce kai, wuƙa ta wuce."

Na mayar da kallona kan hanya. Ni ba idona ba ne.

Jibirin ya tarbe mu da fara'a, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi su Raliya. Ya shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, ya ce Hajiya Rukayya tana ɗakin gaba, yanzu za ta shigo. Ya zaunar da Ɗanmalam gaban na'urar, ya nuna masa inda zai ɗora haɓa. Ɗanmalam ya ɗora. Can sai ya janye.

"Jibirin."

Ban taɓa jin ya kira shi da suna ba sai ran nan.

"Na'am, Baba."

"Na awaki na sani, ni na ciro su. Na mutum nawa ka yi?"

"Goma sha ɗaya."

"Lafiya lau?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi."

"A cikinsu akwai mai ido ɗaya?"

"Babu."

"Ita Hajiyar fa, nawa ta yi?"

"Ita kanta ba ta san adadin ba, Baba. Shekararta ashirin a kai."

Ɗanmalam ya shafa gemu. Na ga gumi a goshinsa duk da sanyin ɗakin.

"To tsakaninka da Allah. Da Malam ne a kujerar nan, kuma ido ɗaya ya rage masa, wa za ka ba?"

Jibirin ya dubi na'urar. Na san ya so aikin nan, kuma ba don suna kaɗai ba. Ya so ya yi wa mutumin nan wani abu da hannunsa, kuma ya san yau duk Gammo kunne aka kasa. 

"Ita," in ji shi.

Ya kashe na'urar, ya jawo wani littafi ya rubuta sunan Ɗanmalam a ƙasan layin Dakta Rukayya. Ya ce ya ci gaba da shan magani kan lokaci, in ya ga duhu ya ƙaru kada ya jira ranar, ya taho. Ya ce Malam kuma a bar shi da shi, shi zai yi masa bayani. Muryarsa ba ta canza ba, amma bai ɗago kai ba.

Ɗanmalam ya miƙe yana laluben hularsa, maganin da aka ɗiga masa ya sa ba ya gani sosai. Na kama hannunsa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya waiwaya wajen da yake zaton yaron yake.

"Wallahi, ɗana, da biyu gare ni da na ba ka ɗaya."